Ƙoƙon kunkuru: ƙashin jikinsa ne ko gida ne da yake ɗauke da shi?

Ɗalibi daga Gwiwa ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina roƙon wanda Allah ya ba sanin dabbobi ya warware mini wani abu game da ƙoƙon kunkuru. Tun muna yara muke jin ana cewa kunkuru gidansa yake ɗauke da shi a baya, har a zanen yara akan nuna shi ya fito daga cikin ƙoƙon ya ajiye shi a gefe. Amma a darasin bayoloji an lissafa shi cikin dabbobi masu ƙashin baya, kuma da na juya wani busasshen ƙoƙo da ke ajiye a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, sai na ga ƙashin bayan a manne yake da rufin ƙoƙon ta ciki, ban kuma ga haƙarƙari a ware ba.

To shin ƙoƙon nan ƙashi ne, ko fata ce ta yi tauri? Idan ƙashi ne, ina haƙarƙarin suka shiga, kuma da me kunkuru yake numfashi tunda ƙirjinsa ba ya buɗewa? Sannan ina son jin abin da masu binciken tsofaffin ƙasusuwa suka gano game da asalin wannan ƙira, domin ban ga wata dabba da aka gina ta haka ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Bayoloji, Runjin Sambo, ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Abin da idonka ya gani shi ne gaskiyar maganar. Kunkuru ba zai iya fita daga ƙoƙonsa ba har abada, domin ƙoƙon shi ne ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa, sun faɗaɗa sun haɗe da wasu ƙasusuwan da ke tsirowa a cikin fata har suka zama rufi guda.

Ƙoƙon kashi biyu ne: rufin baya mai doro, da farantin ciki wanda yake kwanciya a kansa, kuma akwai gada ta ƙashi a kowane gefe, tsakanin ƙafar gaba da ta baya, wadda ta haɗa su. Rufin bayan yana da ƙasusuwa kusan 50. A tsakiyarsa akwai jerin ƙananan alluna da ke zaune a kan gaɓoɓin ƙashin baya, daga gefensu kuma manyan alluna takwas suka miƙa dama, takwas suka miƙa hagu. Waɗannan manyan allunan su ne haƙarƙarin da kake nema. Ka koma ka sake juya wancan ƙoƙon ka shafa cikinsa da yatsa, za ka ji wani ɗan tudu ya ratsa tsakiyar kowane allo daga ƙashin baya zuwa gefe. Jikin haƙarƙarin ke nan, kuma kusa da ƙashin bayan za ka ga kansa ya fito siriri ya shiga gaɓarsa. A bakin ƙoƙon kuma akwai wasu ƙananan ƙasusuwa da suka kewaye shi, yawanci 11 a kowane gefe. Abin da ya rage yana motsi a ƙashin bayan kunkuru shi ne gaɓoɓin wuya guda takwas da na wutsiya.

Farantin ciki a yawancin kunkuru ƙasusuwa tara ne. Ukun da ke gaba asalinsu ƙasusuwan da ke haɗa kafaɗa da ƙirji ne, sauran kuma masana suna danganta su da siraran ƙasusuwan ciki irin waɗanda kada yake da su har yanzu. Ƙananan kunkurun ruwa da muke gani a fadamu da kududdufai da damina suna da ƙarin biyu, nasu ya zama 11.

Abin da ido yake gani daga waje kuwa ba ƙashin ba ne. Ɓawo ne na keratin, sinadarin da aka yi farce da kofato da kuben ƙaho da shi, kuma ya kasu gida-gida: biyar a jere bisa doro, huɗu a kowane gefe, sannan ƙanana a kewayen baki. A nan akwai hikimar da nake so ka lura da ita sosai. Layukan da suka raba gidajen ɓawon ba sa faɗawa daidai kan mahaɗar ƙasusuwan da ke ƙarƙashinsu. Kowane gida yakan haye ƙashi biyu ko uku, kamar yadda magini ba ya bari gaɓar tubalin sama ta zo daidai da ta ƙasa, don kada bango ya tsage tun daga sama har tushe. Shi ya sa ƙoƙon yake jure nauyi da cizo fiye da yadda kaurinsa yake nunawa.

A wajena dai, abin da ya fi ba da mamaki a jikin kunkuru shi ne kafaɗarsa. Ɗora hannunka a bayanka, za ka ji allon kafaɗarka yana waje, bisa haƙarƙari, kuma haka yake a jikin doki da tsuntsu da ƙadangare. A jikin kunkuru allon kafaɗar yana ciki, haƙarƙari sun rufe shi. An daɗe ana tambayar yadda aka yi haka, sai da aka bi girman ɗan tayi a cikin ƙwai. A 1989 wata masaniya mai suna Ann Burke ta bayyana muhimmancin wani ɗan tudu da ke tasowa a gefen jikin ɗan tayin kunkuru, a 2009 kuma Hiroshi Nagashima da Shigeru Kuratani da abokan aikinsu a Japan suka nuna cewa haƙarƙarin ba sa lanƙwasowa ƙasa su kewaye ƙirji yadda aka saba, sai dai su miƙe gefe su nufi wancan tudun, bangon jiki ya naɗe ciki, daga bisani su baje su haye kan kafaɗar. Ke nan da farko ɗan tayin kunkuru tsarinsa ɗaya da na kaza, a hanya ne suke rabuwa. Maganar numfashi kuwa zan bar wa likitocin dabbobi da ke cikinmu.

Likitar Dabbobi, Mabera, ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ƙanena, ga yadda numfashin yake. Huhun kunkuru yana can sama, manne da rufin ƙoƙon ta ciki, kayan ciki kuma suna ƙarƙashinsa. Da yake haƙarƙari ba sa motsi, sai tsokar ciki ta karɓi aikin: wani sashe yana matso kayan ciki sama su danne huhu iska ta fita, wani sashen kuma, wanda ke kusa da cinyoyin baya, yana ja da baya a sami fili iska ta shigo. Idan ka zauna kusa da kunkuru yana hutawa ka sa ido a kan tattausar fatar da ke gindin ƙafafunsa, za ka ga tana ɗan shiga tana fita. Hucin nan da yake yi idan an razana shi ya ja kansa ciki, ba fushi ba ne. Kai da ƙafafu ne suka cika wurin, dole iskar huhu ta fice.

Abin da ya sa na shigo wannan zancen shi ne abin da nake gani a wajen aiki. Ƙoƙon nan rayayye ne, akwai jini da jijiyoyi a cikinsa, kunkuru yana jin taɓawa kuma yana jin zafi. Duk da haka sai ka tarar an huda bakin ƙoƙon da ƙusa an zura igiya don kada ya ɓace, ko yara sun shafe shi da fenti. Hudawar nan ƙashi ake hudawa, kuma ƙofa ce ta ruɓa. Idan mota ta taka shi ko fartanya ta sare shi a gona, karaya ce ta samu, a wanke wurin da ruwa mai tsabta, a rufe don kada ƙuda ya yi ƙwai tsutsa ta shiga, a kai shi asibitin dabbobi. Kada a zuba baƙin mai, kada kuma a liƙe tsagar da siminti ko gam a kan datti. Ƙashin yana haɗewa da kansa, sai dai yana ɗaukar watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara.

Babban kunkurun tudu da ake kiwo a wasu gidaje a nan, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, shi ne na uku a girma a duniya bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabara, tsawon ƙoƙonsa kan kai santimita 80, kuma asalinsa ɗan yankin Sahel ne, daga Sanagal har Habasha. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda haka bai kamata a ci gaba da kamo shi daga daji ba. Wanda yake da shi a gida ya sani cewa abincinsa ciyawa ce da ganye, ba ragowar tuwo da shinkafa ba, kuma yana bukatar hasken rana domin ƙashinsa ya yi ƙwari, da inuwa ko ramin da zai fake. Ƙaramin da aka tsare a ɗaki ana ba shi abincin mutane, ƙoƙonsa yakan yi taushi ko gidajen ɓawon su yi tsini su tashi sama, kuma wannan nakasar ba ta komawa. Idan aka gan shi ya kife a rigingine a cikin zafin bazarar Sakkwato, a gaggauta juya shi, domin zafi na iya kashe shi kafin ya tashi.

Zobban da ke kan kowane gida na ɓawon ba ƙidayar shekaru ba ce tabbatacciya. Suna nuna lokutan ci da girma da lokutan tsayawa ne, kuma a jikin tsoho sukan goge.

Ɗalibi daga Gwiwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Likita. Amma bayaninku ya ƙara mini wata tambayar. Cikakken ƙoƙo kariya ne, kowa ya yarda. To idan a hankali ya samu, mene ne amfanin faffaɗan haƙarƙari ga dabbar da ba ta riga ta sami rufi ba, alhali sun takura mata numfashi?

Mai Nazarin Duwatsu, Arkilla, ya amsa:

Ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da masanan kansu suka daɗe a kanta. Zan kawo maka abin da aka haƙo, sannan na faɗi fassarar da aka yi masa, domin ƙashin da ke hannu daban, fassara daban.

Da can ra'ayi biyu ne. Wasu sun ce ƙoƙon ya fara ne daga ƙananan ƙasusuwan cikin fata irin na bayan kada, suka yawaita suka haɗe da haƙarƙari. Wasu kuma suka ce haƙarƙarin da kansu ne suka faɗaɗa. An kasa raba gardamar saboda tsohon kunkurun da aka fi sani, Proganochelys, wanda aka bayyana a Jamus a 1887 kuma ya rayu kimanin shekara miliyan 210 da suka wuce, ƙoƙonsa cikakke ne sama da ƙasa. Abin da ya bambanta shi da na yau shi ne ƙananan haƙora a ganɗarsa, da wuyan da ba ya shiga ciki, da ƙayoyin ƙashi a wuya da wutsiya. Bai nuna yadda aka fara ba.

A 2008 ne aka sami abin da ya sauya zancen. A lardin Guizhou na ƙasar Sin, Li Chun da abokan aikinsa suka bayyana Odontochelys, mai kimanin shekara miliyan 220, tsawonsa kusan santimita 40. Yana da haƙora a muƙamuƙi, farantin cikinsa cikakke ne, amma babu rufi a bayansa, sai faffaɗan haƙarƙari da jerin allunan tsakiya. Ba a ga shimfiɗar ƙasusuwan fata a gefunan bayansa ba, wanda hakan ya ƙarfafa masu cewa haƙarƙari ne tushe, kuma ya dace da abin da Malam ya faɗa game da ɗan tayi. Ya kuma nuna cewa farantin ƙasa ya riga rufin sama kammaluwa. A 2015 Rainer Schoch da Hans-Dieter Sues suka bayyana Pappochelys daga kudancin Jamus, mai kimanin shekara miliyan 240, ɗan ƙarami da bai wuce santimita 20 ba, wanda ba shi da ƙoƙo ko kaɗan, amma haƙarƙarinsa masu faɗi ne kuma ƙasusuwan cikinsa sun yi kauri sun fara haɗewa, wato mafarin farantin. A 2018 kuma, daga Guizhou ɗin dai, aka sami Eorhynchochelys mai kimanin shekara miliyan 228, tsawonsa ya haura mita biyu, gaban bakinsa ya zama irin na kunkuru marar haƙori, amma babu rufi babu faranti. Wannan na ƙarshen yana koya mana cewa sassan ba su zo a jere cikin tsari ɗaya ba. Wani reshe ya sami baki kafin ƙoƙo, wani ya sami faranti yana nan da haƙoransa.

Yanzu ga tambayarka. Mafi tsufa a cikin waɗanda ake dangantawa da kunkuru ɗan Afirka ne, Eunotosaurus, daga yankin Karoo na Afirka ta Kudu, mai kimanin shekara miliyan 260, wanda Harry Seeley ya bayyana tun 1892. Yana da faffaɗan haƙarƙari tara a kowane gefe, har suna hawa kan juna. Kamar yadda ka lura, wannan asara ce ta fuska biyu: numfashi ya yi wuya, tafiya kuma ta ragu, domin ƙadangare da ire-irensa da lanƙwasa jiki dama da hagu suke tsawaita takunsu, jikin da ya sandare kuwa ba ya iya haka. Ga shi kuma haƙarƙarin ba su kare kai da wuya da ƙafafu ba. A 2016 Tyler Lyson da abokan aikinsa suka kawo bayanin cewa haƙa rami ne ya jawo abin. Sun nuna cewa Eunotosaurus yana da manyan farata da kakkauran ƙashin hannu da kafaɗa mai ƙarfi, alamomin dabba mai tono, kuma mai tono yana bukatar gangar jiki mai tauri wadda hannuwa za su dogara da ita yayin da suke ture ƙasa. A ƙasa mai fari da zafi, rami shi ne tsira. A bisa wannan fassarar, faɗin haƙarƙari ya fara ne da amfanin tono, kariya daga baya ta zo. Ni dai na fi karkata gare ta, kuma duk wanda ya taɓa ganin irin ramin da babban kunkurun Sahel yake haƙawa don ya tsere wa zafin rani zai fahimci dalilin.

Sai dai a yi hattara da abu uku. Na farko, waɗannan dabbobin ba kaka da ɗa da jika ba ne a jere, dangi ne da suka nuna matakai. Na biyu, akwai masanan da ba su yarda Eunotosaurus dangin kunkuru ba ne, suna ganin kamanni ne kawai, kamar yadda wasu suka ce wataƙila Odontochelys rufinsa ya ragu ne saboda zaman ruwa. Na uku, binciken ƙwayoyin gado, musamman wanda aka wallafa a 2013, ya sanya kunkuru kusa da kada da tsuntsaye fiye da ƙadangare da maciji, kuma har yanzu ana ƙoƙarin daidaita wannan da abin da ƙasusuwa ke nunawa.

Ɗan Wurno ya ƙara da cewa:

Yallaɓai, ka kai mu Sin da Jamus da Afirka ta Kudu, ni kuma zan dawo da mu gida, domin ƙasar Sakkwato tana da nata rabon a wannan labari. A ƙarshen zamanin dinoso, wato manyan dabbobin nan na da can da suka ƙare, da ɗan bayansa, wajen shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso inda hamadar Sahara take a yau har ya malale wannan yanki. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙarƙashin wannan ruwan ya taru, kuma shimfiɗun dutsen da masana suka raɗa wa sunayen Dukamaje da Dange suna ɗauke da ƙasusuwan kifi da dangin kada da kunkuru. Wani ƙaton mai jan ciki na teku ma sunan Goronyo aka ba shi a 1972, ana kiransa Goronyosaurus, sannan a 1979 Beverly Halstead ya ba wasu ƙasusuwan kunkuru da aka samu a nan suna Sokotochelys.

Kunkurun da suka yi iyo a wancan teku ba su cikin na farko-farko, domin a lokacin cikakken ƙoƙo ya riga ya shafe fiye da shekara miliyan 130 a duniya. Dangin masu lanƙwasa wuya gefe ne, waɗanda ke kwantar da kansu a ƙarƙashin bakin ƙoƙo maimakon su ja shi ciki kai tsaye, kuma ƙananan kunkurun fadamunmu na yau a wannan rukunin suke, saɓanin babban na tudu da Likita ta ambata. Wanda ya kama ɗaya a bakin gulbin Rima ya duba, zai ga ya karkatar da kai zuwa kafaɗa ɗaya, ido ɗaya yana kallon waje.

Bayan kammaluwarsa ma ƙoƙon bai tsaya a siffa ɗaya ba. A Afirka akwai jinsin Kinixys, wanda bayan rufinsa yake da gaɓa mai lanƙwasawa ya rufe ƙafafun baya, akwai Pelusios wanda gaban farantinsa yake ɗagowa ya rufe kai, akwai kuma kififiyar gulbi mai taushin baya wadda ba ta da ɓawon keratin, fata ce ta lulluɓe ragaggen ƙashi, abin da ya ba ta saurin iyo da sauƙin nutsewa cikin yashi.

Ga manoma da masu haƙar ƙasa a wajen Wurno da Goronyo da Dange, gutsuren tsohon ƙoƙo ba shi da wuyar ganewa: shimfiɗaɗɗe ne, ya fi ƙashin yau nauyi, gefensa yana da ƙananan haƙora inda ya haɗu da ɗan'uwansa, a fuskarsa ta waje kuma akan ga siririn kwari inda iyakar gidajen ɓawon ta bi. Wanda ya ci karo da irinsa kada ya farfasa shi ko ya tsince guntayen ya watsar. Ya ɗauki hoto a inda yake kwance, ya riƙe wurin da zurfinsa, ya sanar da sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin shimfiɗar dutsen da aka same shi a ciki ita ce take faɗin shekarunsa.